Ginin Tukwane da Tangaran a Ƙasar Abuja

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce a ƙasar Abuja, musamman a wurin matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Garuruwan da suka yi suna da ita sun haɗa da Kwali da Ushafa da Bwari, sai tsohuwar Abuja, wadda a yau ake kira Suleja a Jihar Neja. A wannan gari ne ginin gargajiya ya haɗu da aikin tangaran irin na Turai a tsakiyar ƙarni na 20.

Asali

Sarrafa yumɓu ya daɗe a tsakiyar Najeriya. Mutum-mutumin Nok, wani ƙauye a kudancin Jihar Kaduna ta yau, da aka fara tonowa a wuraren haƙar kuza a 1928, na gasasshen yumɓu ne, kuma akwai su a Gidan Tarihi na Jos da Bernard Fagg, wani masanin kayan tarihi ɗan Ingila, ya kafa a 1952. Da farko an ƙiyasta shekarunsu daga wajajen 500 kafin haihuwar Annabi Isa, binciken baya-bayan nan kuwa ya mayar da farkonsu baya da ɗaruruwan shekaru. Masana ba su daidaita ba a kan alaƙarsu da maginan yau.

Ginin gargajiya

Maginiya kan haƙo yumɓu a bakin rafi, ta jiƙa shi, ta tsince tsakuwa, ta kwaɓa da garin tsingaro ko yashi don kada ya tsage a wuta. Ba ta amfani da injin juyi. Takan ɗora curin yumɓu a kan kasko ko ƙwarya, ta kwarfe cikinsa, ta riƙa jawo bango sama da yatsu tana zagaya tukunyar da ƙafa, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu har randa ta kai ƙugu. Idan ta sha iska sai a kankare ta, a yi zane da wuƙa, a mirgina igiya ko tsagaggen itace a jikinta don fitar da ado. Zanen Gbagyi ya fi karkata ga kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi.

Gashi a fili ake yi. Ana jera tukwane, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. A wasu wurare akan yayyafa musu ruwan makuba tun suna da zafi, su yi duhu. Da yake zafin bai kai ya toshe ƙofofin yumɓun ba, randa tana tsatsafo, wannan tsatsafon ne kuma ke sanyaya ruwa.

Cibiyar Abuja da Ladi Kwali

Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko wani magini ɗan Ingila, Michael Cardew, wanda ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja, tsakanin 1951 da 1952. Ya kawo injin juyi, da tanderu mai zafin sama da digiri 1,200, da ruwan ƙyalli da ake haɗawa da toka da niƙaƙƙen dutse. An ce a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, wadda aka haifa a Kwali wajajen 1925, ta kuma koyi sana'ar a hannun danginta mata.

Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko a cikin maginanta. Ta koyi juya kwanuka da kofuna a inji, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su kamar yadda ta gada, sai dai yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli a gasa a tanderu. Abin da ya fito yana da kyau ƙwarai, amma ya yi nauyi, ba ya tsatsafo, ba ya sanyaya ruwa. Tulu ya tashi daga kayan aikin gida ya koma kayan ado mai tsada, kuma har yau masana na saɓani a kan ko riba ce ko asara.

An baje kolin aikinta a Landan a ƙarshen shekarun 1950, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, an kuma sa wa cibiyar sunanta.

Gilashi da mabul

Aikin gilashi na gargajiya na masagan Bida ne, masu narka kwalabe su yi munduwa da duwatsun wuya, kuma kayansu na zuwa kasuwannin Abuja. Dutsen mabul ana fasa shi a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo. A Abuja an fi yanka shi da inji don daɓe da matakala.

A yau

Ana ci gaba da gini a Ushafa, inda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Roba da firji sun rage cinikin randa a birni.