Gwajin sinadarai da ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado

Wane irin ɓera ne wannan?

Ɓera ne da aka ƙara masa wata ƙwayar gado, ko aka kashe masa wata, domin ƙari ya fito masa da wuri idan an ba shi sinadarin da ke haddasa ciwon daji. Masu tambaya ko dodo ne ko cizonsa yana da haɗari: ba dodo ba ne, kuma cizonsa ba ya sa wa mutum ciwon daji. A daina yi mini wannan tambaya.

Me ya hana a tsaya a kan tsohon gwaji?

Tsohon gwaji, wanda ake yi da ɓerayen da ba a sauya musu komai ba don a ga ko sinadari yana haddasa ciwon daji, yana cin shekara 2, da maza 50 da mata 50 a kowane rukuni. Kafin a gama ɓerayen sun tsufa, ƙari ya fara fito wa da yawansu ba tare da wani sinadari ba, sai rarrabe aikin tsufa da aikin sinadari ya yi wuya. Sabon gwajin mako 26 ne, da 25 daga kowane jinsi.

Iri ɗaya ne duka?

A'a. Akwai rasH2, wanda aka samar a Japan, mai ɗauke da ƙwayar gado ta ɗan Adam, kuma shi aka fi amfani da shi yanzu. Akwai wanda aka kashe masa ɗaya daga cikin kwafi biyu na p53, ƙwayar da ke taka wa ƙari birki. Akwai kuma Tg.AC, wanda a da akan shafa masa sinadarin a fata.

Idan sinadari ya tsallake gwajin wata 6, ke nan ba shi da haɗari?

Wannan ce tambayar da ta cancanci lokacina, kuma amsarta ita ce ya danganta. Da farko a duba wane ɓera aka zaɓa. Na p53 ya fi nuna sinadaran da ke lalata ƙwayoyin gado kai tsaye, saboda haka sinadarin da ke jawo ƙari ta wata hanya, kamar rikita ruwan halittar da ke sarrafa ayyukan jiki, zai iya wuce shi salin alin. Na rasH2 yana kama nau'o'in biyu, sai dai shi ma ba kowane yake kamawa ba. Sannan a tambaya ko yawan abin da aka ba ɓeran ya kai iyakar abin da jikinsa zai jure, domin idan an yi masa ƙwauro, rashin ganin ƙari ba hujja ba ce. Akan kuma ware wani rukuni a ba shi sinadarin da aka tabbatar yana haddasa ƙari, irin su yuretan. Idan waɗannan ba su kamu ba, to gwajin ne ya lalace. Ko da ƙarin ya fito ma, sai an yi nazari, domin jikin ɓera ba jikin mutum ba ne. Sakarin, abin zaƙin nan, ya sa wa nau'in ɓeraye masu girman jiki ƙari a mafitsara, daga baya aka gano cewa hanyar da hakan ke faruwa ba ta shafi mutum ba, har Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi a 2000. A ganina sakamakon wata 6 shaida ce mai nauyi, amma sai an haɗa ta da sauran gwaje-gwaje kafin a yanke hukunci.

Hukumomi sun amince da shi?

Sun amince tun 1997, lokacin da ƙa'idar ICH, majalisar daidaita ƙa'idojin gwajin magunguna, wadda Amurka da Turai da Japan suka haɗu a kanta, ta ba da damar maye gurbin gwajin shekara 2 na nau'in ɓeraye masu ƙaramin jiki da irin wannan. A lura, magunguna wannan ƙa'ida ta shafa, ba kowane sinadarin masana'anta ko na gona ba.

Wannan ba cutar da dabbobi ba ne?

Suna shan wahala, ba na musun haka. Amma kowane rukuni rabin na da ne, kuma lokacin gwajin kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsohon.