Tashi daga Barci da Gajiya da Rashin Jin Daɗin Jiki: Tambayoyi da Amsoshi

Mutane da yawa suna shafe awa bakwai ko takwas a kwance, amma idan gari ya waye sai su tashi jiki a mace, kai ya yi nauyi, gaɓoɓi suna ciwo, kamar ba su runtsa ba. Gajiyar ita kaɗai ba ta cika nuna inda matsala take ba, domin cututtuka masu yawa sun yi tarayya a cikinta. Abin da ke rakiyarta, kamar minshari ko ƙishirwa ko ciwon kai ko haki, shi ne yake nuna wa likita hanyar da zai bi.

Shin duk kasalar da ake ji bayan farkawa alamar cuta ce?

A'a. Ƙwaƙwalwa ba ta komawa aiki gaba ɗaya a lokacin da ido ya buɗe, shi ya sa kusan kowa yakan ji nauyin jiki da rashin kuzari na minti 15 zuwa 30 bayan farkawa, wani lokaci ma ya kai awa guda. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye yana ɗaukar kimanin minti 90, ana shiga barci mai nauyi sannan a fito zuwa mara nauyi, kuma wanda ƙararrawa ta tashe shi yana tsakiyar mai nauyin ya fi jin wannan kasala. Idan mutum ya wanke fuska, ya ga haske, ya ɗan motsa jiki sannan ya warware, babu abin damuwa. Wadda ake bincike a kanta ita ce gajiyar da ke bin mutum har rana ta take, tana maimaituwa kusan kullum na tsawon makonni, ko tana sa shi gyangyaɗi a wurin aiki ko a kan tuƙi.

To, idan mutum ya cika awa takwas a kwance, me zai hana jikinsa hutawa?

Awannin da aka yi a kan shimfiɗa daban suke da awannin da aka yi ana barci, kuma barcin da ake ta yankewa ba ya biyan buƙata ko da ya yi tsawo. Baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, amma wanda ya kwanta ƙarfe goma ya riƙe waya har sha biyu ya riga ya zubar da biyu daga ciki, ga shi kuma haske da dare yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin da ke shirya jiki don barci. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka abin da aka sha da yamma yana nan yana aiki a tsakar dare, ko da mai shan ya rantse cewa shi ba ya hana shi barci. Barasa kuwa tana saurin kawo barci, amma tana lalata kashi na biyu na daren. Akwai kuma rashin tsayayyen lokacin kwanciya, wanda masu aikin dare suka fi kowa shan wahalarsa, domin agogon jikinsu yana cewa rana ce alhali su suna neman barci.

Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata a fara gyarawa. Idan an gyara su na mako biyu ko uku amma gajiyar tana nan daram, to lokaci ya yi da za a duba lafiyar jiki.

Me ya haɗa minshari da gajiyar safe?

Alaƙarsu tana da ƙarfi ƙwarai, kuma a ganina wannan ita ce matsalar da aka fi yin sakaci da ita, saboda an mayar da minshari abin barkwanci, wasu ma suna ɗaukarsa shaidar barci mai daɗi. Idan mutum ya yi barci, tsokokin maƙogwaro suna saki. A wajen wasu sakin yana yin yawa har hanyar iska ta toshe, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a cikin jini, sai ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da shi don ya ja numfashi, sannan ya koma barci ba tare da ya san abin da ya faru ba. Likitoci suna ƙirga yawan wannan tsayawar a kowace awa: daga sau 5 an shiga matakin cutar tsayawar numfashi cikin barci, daga 15 ta zama matsakaiciya, daga 30 kuwa ta yi tsanani. Wanda numfashinsa ke tsayawa sau 30 a awa, cikin dare ɗaya an tashe shi sama da sau 200, don haka ba abin mamaki ba ne ya wayi gari a galabaice.

Mai cutar ba shi ne yake ganinta ba, wanda ke kwana kusa da shi ne shaida. Abin da mata ko miji kan bayyana shi ne minshari mai ƙarfi yana tafiya, sai kwatsam a ji tsit, ƙirji yana motsi amma iska ba ta fita, har mai sauraro ya tsorata ya kai hannu zai taɓa shi, sai ya ja wani dogon numfashi da gurnani kamar wanda aka shaƙe, ya juya, minsharin ya ci gaba. Da safe kuma akwai bushewar baki, ciwon kai da kan lafa bayan 'yan awanni, da yawan tashi fitsari cikin dare. Ƙiba da kaurin wuya da yawan shekaru suna ƙara haɗarin, kuma maza sun fi kamuwa, amma siriri ma yana iya samunta idan muƙamuƙinsa ƙarami ne ko hancinsa yana toshewa. A wajen yara, kumburin namomin maƙogwaro ne ya fi jawo ta.

Barin ta ba magani yana da nasaba da hawan jini, musamman irin wanda ke ƙin sauka duk da magunguna, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da haɗarin mota. Ana tabbatar da ita ta gwajin barci, inda ake maƙala wa mutum na'urori su auna numfashinsa da iskar jininsa dare guda. Babban maganinta shi ne na'urar CPAP, wadda likitan Ostareliya Colin Sullivan ya gabatar a 1981, mai hura iska a hankali ta cikin abin rufe hanci don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. Rage ƙiba da kwanciya a kan gefe maimakon rigingine su ma suna taimakawa.

Mutane da yawa suna cewa ƙarancin jini ne ya jawo musu. Gaskiya ne?

Yana iya zama gaskiya, amma gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar cewa akwai ƙarancin jini idan himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya gaza giram 13 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ga namiji baligi, ko 12 ga mace, ko 11 ga mai juna biyu. Gajiyar da yake kawowa ba ta tsaya ga safiya ba, ana jin ta duk yini, tare da haki idan an hau bene, bugun zuciya da sauri, jiri, da ɗashewar tafin hannu da cikin fatar ido. Rashin sinadarin ƙarfe ne ya fi jawo shi, kuma wannan rashin yana iya haddasa wata matsalar ta daban, wato jin tsikari ko motsi a cikin ƙafafu da dare wanda ba ya lafawa sai an motsa su, abin da ke hana barci ya yi nisa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi maganin ƙarin jini a yi ta sha ba tare da an tambayi inda jinin yake tafiya ba. A wajen mace mai jinin al'ada da yawa dalilin a fili yake, amma idan namiji ne ko macen da ta daina al'ada, dole a binciki ciki da hanji, domin gyambon ciki ko wani ciwo mafi girma yana iya zubar da jini kaɗan-kaɗan ba tare da an gani ba.

Ciwon sukari fa, da sauran cututtukan da ba a gani da ido?

Idan sukari ya hau a cikin jini, ƙoda tana fitar da shi ta fitsari tare da ruwa mai yawa, sai mutum ya riƙa tashi sau da yawa cikin dare, ya wayi gari da ƙishirwa da bushewar baki da mutuwar jiki. Gwajin da ake yi da safe kafin a ci komai, idan ya nuna miligiram 126 a desilita ko sama da haka a karo biyu, an tabbatar da cutar. Masu yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin rage sukari kuma suna iya fuskantar akasin haka, sukarin ya faɗi ƙasa da 70 suna barci, su farka sharkaf da gumi, da ciwon kai, da munanan mafarkai. Wanda ya ga haka ya sanar da likitansa don a daidaita maganin.

Akwai kuma halittar tayirod da ke gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Idan aikinta ya yi ƙasa, komai na jiki yana yin sanyi: kasala, jin sanyi fiye da kowa, ƙaruwar nauyi, taurin bayan gida da bushewar fata, kuma mata sun fi samun wannan. Gwajin jini ɗaya yakan isa a gano shi. Ciwon ƙoda da na hanta da suka daɗe su ma suna kawo gajiya da tashin zuciya da rashin son abinci. Wanda kuwa yake tashi da gaɓoɓin yatsu a sanƙare da kumburi fiye da rabin awa kafin su saki, ya kamata a duba shi don amosanin gaɓɓai.

Damuwa za ta iya sa jiki ciwo da gaske?

Ƙwarai kuwa. Ciwon damuwa mai tsanani yakan tashi mutum tun kafin lokacinsa, ƙarfe uku ko huɗu na dare, barci ya ƙi dawowa, kuma da yawa daga masu fama da shi sun fi jin nauyinsa da safe, ya ɗan sassauta da yamma. Sau da yawa mai shi ba ya zuwa asibiti da maganar baƙin ciki, yana zuwa ne da ciwon kai da ciwon baya da kasala. Idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar abubuwan da aka saba jin daɗinsu ya kai mako 2 yana nan kusan kullum, cuta ce da ake magancewa kamar kowace, kuma tunanin halaka kai yana buƙatar taimako a ranar, ba tare da jira ba.

Me ke kawo ciwon kai ko tashin zuciya da sassafe?

Dalilan suna da yawa. Mai cizon haƙora cikin barci yakan tashi da ciwon muƙamuƙi da gefen kai. Mai ƙwannafi yakan tashi da ɗaci ko tsami a baki da dusashewar murya, domin ruwan ciki yana haurowa idan an kwanta, musamman bayan cin abinci mai nauyi dab da barci. Mace mai shekarun haihuwa da ta fara tashin zuciya da kasala ta fara da gwajin ciki. Yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana haifar da ciwon kai na kullum, kuma magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, da ƙwayoyin barci irin su diyazefam, suna barin mutum cikin mayen barci har hantsi.

Akwai dalili ɗaya da ke kisa cikin dare guda, wato iskar kabon monoksaid da ke fita daga janareto, ko gawayi, ko na'urar ɗumama ɗaki a wurin da iska ba ta shiga. Ba ta da launi kuma ba ta da wari. Idan mutanen da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi gaba ɗaya da ciwon kai da jiri da amai, kuma suka ji sauƙi bayan sun fita waje, to a bar ɗakin nan take, a kashe abin da ke ƙonewa, a tafi asibiti.

Yaushe ya kamata a ga likita, kuma me za a tafi da shi?

Wasu alamun ba sa jiran gobe: farkawa da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, ko sarƙewar magana, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani da amai da dishi-dishin gani, ko farkawa cikin dare numfashi na neman ɗaukewa har sai an zauna, musamman idan ƙafafu sun kumbura kuma mutum ya lura yana ƙara matashin kai kafin ya iya kwanciya, domin wannan yana nuni ga raunin zuciya. Zazzaɓi, gumin dare mai jiƙa tufafi, rama ba dalili, ko tarin da ya wuce mako 2 su ma suna buƙatar gwaji da wuri, saboda tarin fuka da wasu cututtuka masu tsanani da haka suke farawa.

Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan amma gajiyar ta kai makonni, a je asibiti da shiri. A rubuta lokacin kwanciya da na tashi na mako biyu, da yawan farkawa cikin dare, da abin da aka sha da yamma. A tattara duk magungunan da ake sha a tafi da su cikin kwalayensu, har da waɗanda aka saya ba da takardar likita ba. Likita zai auna hawan jini, kuma yawanci zai nemi gwajin yawan jini, da na sukari, da na tayirod, da na ƙoda da hanta. Idan akwai wanda ke kwana kusa da mara lafiyar, yana da kyau ya raka shi, ko ya naɗi sautin numfashinsa a waya na 'yan mintuna, domin da wannan ne likita zai yanke shawarar ko a tura shi gwajin barci.