Diresaj da "natsuwar doki": me ake nufi, kuma yaya ake samun ta ranar gasa?

Duk mai bibiyar wasannin dawaki a waya ya taɓa cin karo da bidiyon mahayi sanye da baƙar kwat, dokinsa yana ɗaga ƙafafu a wuri ɗaya kamar mai bin kiɗa. A nan Sakkwato "rawar doki" muke ce masa. Sunan wasan diresaj, kalmar Faransanci ce mai nufin horo, kuma gasa ce ta nuna tarbiyyar doki: ba tsere, ba tsallake shinge. Fili ne na yashi mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, an jera haruffa a gefensa. Mahayi yakan haddace jerin motsin da zai yi: a harafi kaza ya fara sassarfa, a kaza ya yi da'ira, a tsakiyar fili ya tsaya cak ya gaida alƙali. Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1912, kuma hafsoshin soja kaɗai ke yin sa har zuwa 1952, lokacin da aka buɗe ƙofa ga mata da farar hula.

A cikin wannan wasa akwai kalmar da ba ta barin bakin masu horarwa, wato natsuwa. Jamusawa, waɗanda suka yi fice a fannin, sun tsara horon doki a matakai 6, suka sa natsuwa a mataki na 2, bayan daidaiton taku. A wurinsu duk abin da aka gina a kan doki mai fargaba, rusasshe ne.

Natsuwar da suke nufi ba ita ce doki ya yi laƙwas ba. Dokin da ya gaji, ko yunwa ta ci ƙarfinsa, ko yake tsoron bulala, shi ma yakan tsaya shiru, amma alƙali ba zai ba shi maki ba. Abin da ake nema shi ne jikin doki ya saki alhali yana aiki da kuzari. Ana gane haka da ido. Bayansa yana lilo a ƙarƙashin sirdi, wutsiya tana kaɗawa a hankali tare da taku, yana tauna linzami sannu-sannu har 'yar kumfa ta fito, jifa-jifa yana furzar da numfashi ta hanci. Wanda hankalinsa ya tashi kuwa, sai ka ga ya ɗaga kai, baya ya sandare, taku ya gajarce, yana cizon haƙora ko fiddo harshe, wutsiya tana bulala, farin idonsa a waje, yana yawan kashi mai ruwa-ruwa. Inda asiri ya fi tonuwa shi ne tafiyar ƙasaita da sakakken linzami. Doki mai natsuwa zai miƙa wuya gaba da ƙasa, kofaton baya ya wuce sawun na gaba. Mai fargaba zai yi ta ƙoƙarin ɓallewa da sassarfa.

Dokokin wasan ma sun ɗaure hannun mahayi. Da zarar an kaɗa ƙararrawa, daƙiƙa 45 gare shi ya shiga fili. A ciki ba a yarda ya yi wa doki magana ko ya yi masa tsaki ba, in ya yi a rage masa maki. A manyan gasannin duniya ba a shiga da bulala. Doki ya turje fiye da daƙiƙa 20, an fitar da su. Ya fice daga fili da ƙafafu huɗu, an fitar da su. A ga jini a bakinsa, nan ma magana ta ƙare. Maganin sa barci ko kwantar da jijiya haramun ne a dokar hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, kuma ana gwada jini da fitsari. Abin da ya rage wa mahayi shi ne zamansa a sirdi, ƙafafunsa, da yatsunsa.

Nan ne mutumin Sakkwato zai ce: "Haba Malam, dokin da ke ratsa taron sallah, ga tambari, ga kakaki, ga 'yan bindiga, shi za a koya wa natsuwa?" Tambayar tana da hujja, domin masu kula da dawakin fada sun daɗe da sanin yadda ake saba wa doki da hayaniya. Sai dai a lura da abu biyu. Dokin hawan sallah yana tsakiyar 'yan uwansa, kafaɗa da kafaɗa, shi kuwa doki dabbar garke ce, ganin na kusa da shi bai razana ba yakan kwantar masa da rai. Dokin diresaj shi kaɗai ake turawa cikin fili, an raba shi da sauran, wuri ya yi tsit, sai takarda ta motsa a hannun alƙali ko wani ya buɗe lema. Ƙaramin motsi cikin shiru ya fi razana doki a kan ganga mai ɗorewa. Na biyu shi ne linzami. Namu na gargajiya mai zobe yana da kaifin da zai tsayar da ingarma a tsakiyar sukuwa, ya zame a gaban Sarki. Wannan gwaninta ce, ba musu, amma irin wannan linzami yana iya danne tsoro ba tare da ya cire shi ba. A diresaj, tsoron da aka danne yana fitowa a baya da wutsiya, alƙali kuma abin da yake kallo ke nan.

Doki dabba ce da Allah ya yi wa gudu a matsayin makami. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa, ban da daf da goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Abin da ya wuce lafiya ta hannun dama kuma kan iya firgita shi idan ya dawo ta hagu. Ba iskanci ba ne, kuma dukansa a wannan lokaci yana tabbatar masa ne cewa lallai wurin akwai haɗari.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yawancin aikin a gida ake yin sa. A kawo tuta, lema, tukwanen fure, farin katako irin na gefen fili, lasifika, a ajiye su nesa, a bar doki ya kalla, ya matso da kansa, ya shinshina. Da ya sauke kai sai a sassauta masa, a shafa wuyansa. Gobe a matso da su kaɗan. Daga nan a riƙa kai shi baƙon wuri ba don gasa ba, ya sauka daga mota, ya zaga, ya ci harawa, a dawo gida. In da hali a tafi da tsohon doki mai sanyin hali ya yi masa rakiya.

Akwai kuma batun ciki, wanda ake yawan mantawa. Tumbin doki yana fitar da ruwan narka abinci dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba, domin an halicce shi ne ya wuni yana kiwo. Idan aka bar shi da yunwa tun asuba wai don ya yi sauƙin hawa, ruwan nan yana ƙona masa ciki, gyambon ciki kuwa sananniyar cuta ce a dawakin gasa. A ba shi ciyawa ko harawa kafin hawa, a rage hatsi, domin gero da dawa masu yawa suna ƙara masa zafin kai. Dokin da a da lafiya lau yake, kwatsam ya fara turjiya, a kira likitan dabbobi ya duba haƙora, baya, da zaman sirdi kafin a ce halinsa ne ya ɓaci. A garinmu a ƙara da zafi: a watan Afrilu, da rana ke haura digiri 40, horo sai da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a kusa.

Ranar gasa a isa da wuri, a yi komai yadda aka saba a barga, da mutumin da doki ya sani. Wajen ɗumama jiki a fara da doguwar tafiya, sannan manyan da'irori, sannan sauyi akai-akai daga tafiya zuwa sassarfa a dawo tafiya. Hikimar ita ce a ba shi aikin da ya riga ya iya, hankalinsa ya dawo kan mahayi. Idan wani lungu yake tsoro, kada a tunkare shi gaba da gaba. A ɗan karkata kansa zuwa cikin fili a wuce ta gefe. Ƙoƙarin gajiyar da shi da sukuwa kafin a shiga kuskure ne a ganina, za a shiga da doki jiƙe da gumi, tsoron kuma yana nan. Dokar FEI ta yarda a sa masa hular kunne mai rage ƙara, amma ba a yarda a toshe kunnen ba yayin gasa.

Saura mahayin kansa. Doki yana jin ƙuda ya sauka a fatarsa, balle cinyar da ta ƙanƙame shi ko hannun da ya sandare. Mahayi ya riƙe numfashi, doki ya sani nan take. Shi ya sa masu horarwa ke cewa a fitar da dogon numfashi a kowace kusurwa, a saki kafaɗa, a ɗan miƙa hannun da ke ɓangaren tsakiyar fili gaba na taku ɗaya ko biyu, wanda shi ne yabon da doka ba ta hana ba.

Duk da haka abin yakan kuɓuce wa manya ma. A Olamfik ta 2008, wadda aka yi wasannin dawakinta a Hon Kon, dokin Isabell Werth ta Jamus mai suna Satchmo ya turje ana tsakar takun nan na ɗaga ƙafafu a wuri ɗaya, ya riƙa ja da baya a gaban alƙalai. Ta lallaɓa shi suka ƙarasa, ta tashi da lambar azurfa, zinariyar ta tafi ga Anky van Grunsven ta ƙasar Holan.