Sadarwar Kamfanoni a Matsayin Ƙaramin Fannin Karatu a Jami'a

Sadarwar kamfanoni ilimi ne da ke nazarin yadda kamfani ko hukuma ke magana da duk wanda harkarsa ta shafa: ma'aikata, abokan ciniki, masu hannun jari, 'yan jarida, gwamnati, da mutanen garin da yake zaune a cikinsu. Ta fi talla faɗi. Mai talla burinsa kaya su shiga kasuwa, shi kuwa jami'in sadarwa sunan kamfanin yake tsaro da amanar da jama'a suka ba shi. Idan aka ce ɗalibi ya ɗauke ta a matsayin ƙaramin fanni, ana nufin digirinsa na wani ilimi ne dabam, kamar aikin gona ko akanta ko injiniya, sai ya ware wani yanki na kwasa-kwasansa ga sadarwa, a rubuta masa hakan a takardar sakamako.

Tsarin karatun

Wannan tsari ya fi ƙarfi a jami'o'in Amurka. A can digirin farko yakan ci kimanin yunit 120 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas) cikin shekara huɗu, ƙaramin fanni kuma ya ɗauki 15 zuwa 24, galibi 18, wato kwas shida ke nan. Akan fara da tushen hulɗa da jama'a da rubutun sanarwar manema labarai, sannan a shiga sadarwar cikin gida tsakanin shugabanni da ma'aikata, da magana a bainar jama'a, da kula da shafukan kamfani a Facebook da makamantansa, da ɗa'ar aiki. Kwas ɗin da ya fi nauyi shi ne na sadarwa a lokacin rikici, ranar da gobara ta tashi a masana'anta ko kaya suka cutar da mutane.

Misalai biyu ne malamai ba sa tsallakewa. A 1906 jirgin ƙasa ya yi hatsari a Atlantic City, mutane fiye da 50 suka mutu, sai Ivy Lee, wani mai aikin hulɗa da jama'a, ya shawo kan kamfanin jirgin na Pennsylvania ya fitar da bayani da kansa, ya kuma bar 'yan jarida su je wurin, a zamanin da kamfanoni suka saba rufa-rufa. Na biyu a 1982 ne, lokacin da mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan wani ya zuba guba a maganin Tylenol. Kamfanin Johnson & Johnson, mai yin maganin, ya gargaɗi jama'a, ya janye kwalba kimanin miliyan 31 daga kasuwa, ya dawo da maganin cikin mazubi mai hatimi. Game da shigar wannan ilimi jami'a kuwa, a 1923 ne Edward Bernays ya koyar da kwas na hulɗa da jama'a a Jami'ar New York.

A Najeriya

Jami'o'in Najeriya ba su saba da ƙaramin fanni irin na Amurka ba. Tun daga JAMB ɗalibi ke zaɓar sashe guda, kuma a nan zai ƙare, sai ɗan abin da ya samu na kwasa-kwasan zaɓi daga wasu sassa. Shekaru da dama hulɗa da jama'a na zaune ne a cikin digirin aikin jarida, har 2020, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sanar da raba wannan digiri gida bakwai, hulɗa da jama'a da talla kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Sabuwar manhajar da hukumar ta fitar a ƙarshen 2022 ta riƙe kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara daidai da bukatun yankinta. Wannan kashi 30 ƙofa ce da jami'o'i irin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero za su iya bi su ba ɗalibin noma ko na kasuwanci jerin darussan sadarwa masu ma'ana. Ya kamata su bi ta.

Amfaninsa a Kebbi

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi da Gwandu. Fada tana da sankira, gari yana da mai shela, kuma kowa ya san saƙon sarki yakan gyaru ko ya ɓaci a bakin wanda ya isar da shi. Abin da ya sauya shi ne yawan masu bukatar kakaki. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, harkar shinkafa ta haɗa dubban ƙananan manoma da bankuna da manyan injinan casa, irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017.

A ɗauki misalin wani injin casa da ke sayen shanshera. Manomi ya kawo buhunansa daga fadama, aka soka na'urar auna danshi a ciki, aka ce za a rage masa kuɗi. Dalilin na gaskiya ne: shinkafar da danshinta ya wuce kashi 14 cikin ɗari ba ta ajiyuwa, takan yi fumfuna, kuma ruwan da ke cikinta nauyi ne da zai tafi idan ta bushe. Amma idan ba wanda ya yi masa bayani, abin da zai faɗa a majalisa da daddare shi ne an cuce shi a sikeli, kuma kafin kasuwa ta sake ci maganar ta zagaye ƙauyuka. Wanda ya karanta aikin gona ya ƙara da sadarwa ya san lissafin danshin, ya kuma san cewa tun kafin girbi ake kiran shugabannin manoma, a auna a gabansu, a juya musu fuskar na'urar su ga lambar da idonsu. Zai ce, "Baba, shanya ta ƙara kwana ɗaya, ka dawo a biya ka cikakke." Ɗan jarida zalla bai san shinkafar ba, masanin noma zalla kuma sau da yawa ba a koya masa wannan zaman ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda littattafan da aka rubuta a Amurka ba su damu da shi ba. Takardar sanarwa da Turanci ba ta isa ga mai noman rani a Suru ko Augie. Rediyo da Hausa ke isa gare shi, da saƙon murya na WhatsApp, da bakin hakimi da limami. A Zuru akwai masu jin Dakarci, a Yauri akwai Kambari, a wajen Kamba da Dandi akwai Zabarmawa, ga Fulani a ko'ina. Darasin da bai koya wa ɗalibi sauya saƙo daga Turancin ofis zuwa harshen mai sauraro ba ya bar rabin aikin.

Iyakarsa

Kwas shida ba sa mayar da mutum ƙwararre. Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda aka kafa a 1963, ta samu ikon doka ta Dokar Soja mai lamba 16 ta 1990, kuma dokar ta wajabta rajista da ita ga mai son yin wannan aiki a matsayin sana'a. Harkar talla kuma tana ƙarƙashin hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022. Wanda ya yi ƙaramin fanni yana so ya zama kakakin kamfani sai ya bi ta waɗannan matakai, ko ya ƙara da babbar difloma ko digiri na biyu.