Rakiya da Fiyano

Rakiya da fiyano ita ce yadda makaɗin fiyano ko kibod yake daidaita kiɗansa idan yana tare da mawaƙi ko wasu makaɗa. Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, kibod ɗin da aka fi yawo da shi kuwa 61, kuma mutum ɗaya yana iya fitar da sautin ƙasa da haɗin sauti da karin waƙa a lokaci guda. Shi ya sa idan an haɗu da wasu, babban aikin makaɗin shi ne sanin abin da zai saki ya bar wa abokan kiɗa.

Haɗin sauti shi ne sautuka uku ko fiye da ake dannawa tare, misali C da E da G (da haruffa ake kiran sautukan maɓallai), inda C yake tushe, wato sautin da aka gina haɗin a kansa. Mai kiɗa shi kaɗai yakan riƙe tushen da hannun hagu. Amma in akwai mai gitar bes, wato gita mai kaurin sauti, tushen nasa ne, domin kayan kiɗa biyu suna gurnani a ƙasa dagula sauti kawai suke yi. A shekarun 1950 makaɗan jaz na Amurka irin su Red Garland da Bill Evans da Wynton Kelly, waɗanda duk sun yi aiki da fitaccen makaɗin jaz Miles Davis, suka yaɗa salon barin tushe, a riƙe sauti na uku da na bakwai idan aka ƙirga daga tushe, tunda su ne ke nuna irin haɗin. Kafin su, Count Basie ya yi suna da ƙarancin taɓa maɓalli tun ƙarshen shekarun 1930: Freddie Green yana riƙe da bugu a gita, Walter Page a bes, Jo Jones a ganga, shi kuwa sai ɗan tsikari nan da can.

Rakiyar mawaƙi ta fi wuya. Makaɗi ne ke bin murya, ba murya ke binsa ba. Yana sauraron inda mawaƙi zai ja numfashi, ya sassauta idan an ja baiti, ya ajiye adonsa sai murya ta yi shiru. Yakan kuma juya haɗin sauti, ya mai da na sama ƙasa, don kada sautin da ke kan gaba ya yi karo da na mawaƙi. Idan waƙa ta yi wa murya sama da yawa, sai a sauko da ita gaba ɗaya. Kibod na zamani yana da maɓallin da ke yin wannan nan take, abin da ya sauƙaƙa aiki, ya kuma bar makaɗa da dama ba su iya komai ba sai a matakin C. Gerald Moore na Ingila, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1987, ya yi fice ne a rakiyar mawaƙa.

Rubuta rakiya da lambobi tsohon abu ne. A Turai, tsakanin 1600 da 1750, akan rubuta wa makaɗi sautin ƙasa da lambobi, shi ya cike sauran gwargwadon waɗanda yake tare da su. A birnin Nashville na Amurka, Neal Matthews ya fito da tsarin lambobi a ƙarshen shekarun 1950, inda ake rubuta 1 da 4 da 5 maimakon haruffa, takarda ɗaya ta yi aiki ko a wane mataki mawaƙi ya ɗauko.

A ƙasar Hausa kibod ake kira fiyano, kuma samfurin Yamaha PSR ya fara mamaye waƙoƙin finafinai a shekarun 1990. Karin waƙoƙin gargajiya da yawa a kan sautuka biyar yake tafiya, don haka haɗi mai sauƙi ya fi zama da shi. Makaɗi yakan rage hannu lokacin da jagora ke baiti, ya cika idan ’yan amshi sun karɓa. In kuwa akwai mai kalangu a wurin, akan kashe gangar da ke cikin na’urar, domin ita gudunta ɗaya ne, ba ta jiran kowa.