Malaman naziri, ga amsar tambayoyin da kuke ta maimaita min

Na daɗe ina horar da malaman naziri, kuma tambayoyin nan su ne dai kullum, yau a waya gobe a wajen bita. Bari in amsa su gaba ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Wace takarda nake buƙata?

NCE. Ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma akwai kwalejojin ilimi masu sashen ECCE na ilimin ƙananan yara. Bayan ita sai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa.

Ga aiki ga yara ga miji, ta yaya zan koma makaranta?

Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI Kaduna, na yin karatu daga nesa, buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, NOUN, ma haka. Masu goyo sun yi sun gama, ke ma za ki iya.

Sunan makarantarmu Montessori, ke nan na zama malamar Montessori?

A'a. Kowa na iya rubuta sunan a jikin get. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe ajinta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa a birnin Rum. A tsarinta ana haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 aji ɗaya, yaro ya zaɓi aikinsa da kansa, malama tana lura. Idan yaranki suna jere a benci suna rera ABC tun safe har tashi, wannan ba shi ba ne, kuma ki daina faɗa wa iyaye shi ne.

Na yi bita na ji wasa ne hanyar koyon yara, amma iyaye aikin gida da Turanci suke so, mai makaranta kuma yana bayansu. Ya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ke hana ni barci, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa. Da farko kada ki raina iyayen nan, uban da ya matse ya biya kuɗin zango yana so ya ga wani abu a littafi, ba laifinsa ba ne, haka aka nuna masa. Kuma kada ki je ki tsaya gaban mai makaranta kina cewa ai a Finland sai shekara 7 ake shiga firamare, gaskiya ne, amma su kafin nan akwai shekarar share fage da malamai masu digiri da ƙananan azuzuwa, ke kuma wataƙila yara arba'in ne a gabanki ba mataimakiya, sai ya ce ki tafi Finland ɗin, aikinki ya shiga haɗari a banza. Abin da na ga ya fi aiki, ban ce ko'ina ba, shi ne ki fara da rabin awa kullum. A ƙirga da marafan kwalba ko 'ya'yan tsamiya, a zana harafi a tiren yashi da yatsa kafin a riƙe fensir, a yi tatsuniya da Hausa sannan ki kawo kalmomin Turanci biyu ko uku daga cikinta. Aikin gida kuma ki canza masa kama, ki ce yaro ya ƙirgo cokulan gidansu ya faɗa wa mamarsa. Ki riƙa rubuta abin da kowane yaro ya iya a wani littafi da kwanan wata, wannan dabara ce da makarantun Reggio Emilia a Italiya suka yi suna a kanta, ranar karɓar sakamako sai ki buɗe wa uwa ta gani. Wani mai makarantar zai yarda, wani ba zai yarda ba ko me kika nuna masa. Idan naki na biyun ne, ki riƙe rabin awarki shiru, ki ci gaba da karatunki, in kin samu wuri mafi kyau ki tafi ba tare da faɗa ba.

Wannan duk ba na Turawa ba ne? Mu islamiyya ce.

Haba malama. A Mombasa ta Kenya tun 1986 Gidauniyar Aga Khan ta fara shirin naziri a cikin madarasa, ana karatun addini ana koyo ta hanyar wasa, daga baya ya kai Zanzibar da Uganda. Musulmi ne kamarki.

Satifiket ɗin intanet na kwana uku fa?

Ki yi don ƙarin sani. Ba ya maye gurbin NCE.

Wani ya ce in tura kuɗi zai samo min aikin naziri a Ingila.

Kada ki tura. Na ga masu kuka a kan wannan, har da wadda ta sayar da ɗankunnenta na gwal.

Bulala fa, ko 'yar ƙarama?

Ɗan shekara 3 ne fa. Ajiye ta a gida, in ya gagare ki ki tsuguna daidai tsayinsa, ki kira sunansa, ki ba shi aikin raba littattafai.