Zaɓen Barack Obama na 2008 da matasa baƙaƙen fata

Ranar 4 ga Nuwamba 2008 aka zaɓi Barack Obama na jam'iyyar Democrat shugaban Amurka na 44, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera. Ya kayar da John McCain da ƙuri'un wakilai 365, shi kuma McCain 173. Mahaifinsa ɗan Kenya ne, mahaifiyarsa kuma farar fata ce daga jihar Kansas.

Tarihi

Nauyin wannan rana yana cikin abin da ya gabace ta. Tun 1870 aka yi wa tsarin mulki gyara na 15 da ya ba maza baƙaƙe damar zaɓe, amma jihohin kudu suka toshe hanya da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu da tsoratarwa, kusan shekara ɗari. Ranar 7 ga Maris 1965 'yan sanda suka far wa masu tattakin neman haƙƙin zaɓe da kulake a gadar Edmund Pettus da ke Selma a jihar Alabama, suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai, yana ɗan shekara 25. A watan Agusta na shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe. Daga baya, cikin baƙaƙen fata, Shirley Chisholm ta nemi tikitin takarar shugabanci a 1972, Jesse Jackson a 1984 da 1988. Ba su kai ba, amma sun share fage.

Daren nasara

A dandalin Grant Park na Chicago, kyamarori sun kama Jesse Jackson yana zubar da hawaye cikin taro. Obama ya ambaci Ann Nixon Cooper, tsohuwa mai shekara 106 daga Atlanta, wadda aka haifa lokacin da mace baƙa ba ta da ikon jefa ƙuri'a, ga ta ta jefa. A Kenya, Shugaba Mwai Kibaki ya ba da hutu.

Tasiri ga matasa

Kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe 'yan ƙasa da shekara 30 Obama suka zaɓa. Amma abin da ya fi zama a zukata hoto ne da Pete Souza, mai ɗaukar hoton fadar shugaban ƙasa, ya ɗauka a 2009 a ofishin shugaban: yaro baƙi ɗan shekara biyar ya tambaya ko gashin shugaban irin nasa ne, sai Obama ya sunkuyar da kai, yaron ya shafa da hannunsa. Hoton ya yi shekaru rataye a fadar White House. Yaran da suka fara makaranta a lokacin sun tashi suna ganin mai kama da su a matsayin shugaban ƙasa, abin da kakanninsu ba su taɓa zato ba.

Muhawara

An yi saɓani kan ko wannan nasara ta sauya rayuwar yau da kullum. Kisan matashi baƙi Trayvon Martin a 2012 da zanga-zangar garin Ferguson a 2014, bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙi, duk a zamanin mulkinsa suka faru, kuma matasa ne suka jagoranci fafutukar kare rayukan baƙaƙen fata ta Black Lives Matter da ta taso a 2013.